Gungun Yashi da Baƙin Hunturu: Abin da Gulbi Ke Bari Idan Ruwa Ya Janye

Gulbin da ya ratsa ta gefen garin Jega, wanda ake kira Gulbin Zamfara ko Gulbin Gindi, fuska biyu gare shi a shekara. Cikin Agusta da Satumba yakan cika ya batse, ruwansa jajir saboda lakar da ya kwaso daga gabas, ya malala cikin fadamu, wata shekara ma har ya shiga gidaje, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2020 wadda ta cinye shinkafa mai yawa a Jihar Kebbi. Da hunturu ya kama kuwa sai ruwan ya ja da baya, ya rarrabu ƙananan rassa, tuddan yashi su ɓullo a tsakaninsu. Irin wannan tudu da ruwa ya kewaye shi ne mutanen yamma ke kira gungu, kuma daga wannan kalma Gungawan Yawuri suka samo sunan da Hausawa ke kiran su da shi. Gungun Jega ba ya shekara. Yakan fito cikin Nuwamba ko Disamba, ya yi 'yan watanni masu wanki da masu ɗibar yashi da makiyaya suna tattaka shi, damina ta dawo ta shafe shi, baɗi kuma ya ɓullo a wani wuri da wata siffa dabam.

Ba kasafai akan ga wanda ya tsaya yana duban abin da ke kan gungun nan ba, in ban da yara. Amma can ƙuryar arewacin duniya akwai tsibiran da mutane ke biyan kuɗin jirgi, su jure sanyi da iska, don kawai su kalli tsuntsaye su kuma tsinci abin da teku ya watso gaɓa. Abin da ya sa ya kamata mai karatu a Jega ko Aliero ko Maiyama ya damu da wannan labari shi ne, wasu daga cikin irin tsuntsayen da ake zuwa kallo a can su ne ke kiwo a bakin gulbinmu da gonakinmu daga kaka zuwa bazara.

Tsibirin da ya zama makaranta

A arewacin Sikotland, tsakanin tsibiran Orkney da na Shetland, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle. Tsawonsa bai cika kilomita 5 ba, mazaunansa kuma ba su kai mutum ɗari ba. A shekarar 1948 wani masanin tsuntsaye, George Waterston, ya kafa tashar nazarin tsuntsaye a wurin. Dalilinsa mai sauƙi ne: tsuntsun da ya yi dare yana tashi a kan teku, gari ya waye ya gaji, duk busasshiyar ƙasar da ya fara hangowa nan zai sauka. Don haka ƙaramin tsibiri a tsakiyar teku yakan tara baƙin tsuntsaye iri-iri a wuri guda. Tun daga lokacin, kowace safiya ta lokutan ƙaura ma'aikatan tashar kan zaga tsibirin da ƙafa, su ƙidaya abin da suka gani, su rubuta a littafi. Gobara ta cinye ginin tashar a watan Maris na 2019, aka sake gina shi, amma bayanan shekaru saba'in ba su salwanta ba domin an riga an kwafe su a kwamfuta. Darajar aikin tana cikin daɗewarsa ne. Ƙidayar rana ɗaya ba ta faɗin komai. Ta shekara saba'in kuwa tana nuna wane tsuntsu ne ya ragu, wane ne ya soma isowa da wuri.

Tsince-tsincen bakin teku shi ma ya daɗe da shiga hidimar ilimi. Mutanen waɗannan tsibirai sun saba tsintar wasu manyan ƙwallaye masu santsi, launin makuba, waɗanda babu itacen da ke haifar irinsu a ƙasarsu, har sukan riƙe su kamar laya, musamman ga mai naƙuda. A 1696 wani likita, Hans Sloane, wanda ya taɓa zama a Jamaika, ya rubuta cewa ƙwallayen da ake tsinta a Orkney 'ya'yan tsirran da ya gani a can ne. Wato sun yi iyo sun ƙetare Tekun Atilantika. Wannan na daga cikin shaidun farko da suka nuna akwai wani ƙaton kwararon ruwan ɗumi a cikin teku da ke tasowa daga wajen Amurka ta Tsakiya zuwa arewacin Turai, wanda shi ne ke sassauta wa Ingila da Nowe sanyi. Haka nan mutanen Aislan, ƙasar da ba ta da daji, sun yi ɗaruruwan shekaru suna gina ɗakuna da jirage da gungumen itacen da kogunan Saberiya suka zubo cikin teku. A zamanin nan kuma abin da ake tsinta ya canza: masu binciken da ke feɗe gawarwakin wani tsuntsun teku mai suna Fulmarus glacialis a gaɓar Tekun Arewa sun tarar fiye da tara cikin goma suna da guntayen roba a cikinsu.

Yadda aka san inda suke tafiya

Tsawon zamani Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓuya da sanyi ba. Har malamai sun yarda cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin laka ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbe wata farar shamuwa ta Turai a kusa da ƙauyen Klütz a arewacin Jamus, sai ga mashi irin na Afirka ya soke mata wuya, ta taso da shi tun daga inda aka jefe ta. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Mortensen, ya soma maƙala wa tsuntsaye zoben gorar ruwa a ƙafa, mai lamba da adireshi, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Yanzu kuma ana goya musu 'yar na'ura da ba ta kai giram ɗaya ba, wadda ke rubuta lokacin fitowar rana da faɗuwarta kowace rana. Daga tsawon yini da lokacin tsakar rana ake lissafa inda tsuntsun ya kwana.

Da irin wannan na'ura aka gano tafiyar wani ɗan tsuntsu da masana ke kira Oenanthe oenanthe. Bai fi giram 25 ba, wato kamar nauyin ƙwayar goro babba ɗaya. Yana da farin gindin wutsiya wanda ke walƙawa idan ya tashi, kuma yana son tsayawa ƙiƙam a kan dutse ko kunya yana ɗaga wutsiya. Yana ƙyanƙyasa a Fair Isle da Shetland da Aislan da Girinlan. Wani bincike da aka buga a 2012 ya nuna waɗanda ke haihuwa a gabashin Kanada suna ƙetare kimanin kilomita 3,500 na teku kafin su gangaro Afirka ta Yamma, na Alaska kuwa suna bi ta Asiya su yi kusan kilomita 14,500 zuwa gabashin Afirka. Na yammacin Turai sun fi sauka a Muritaniya da Sanagal da Mali, amma irin nan ɗaya ne da wanda ake gani a gonakin gero da aka girbe a kan tudun Aliero daga Oktoba zuwa Maris, yana tsalle tsakanin karare yana cafkar tururuwa da ƙwari. Tsakanin Fair Isle da Jega akwai fiye da kilomita 5,000.

Man da ke kai shi shi ne kitse. Giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfin da ya ninka na sukari fiye da sau biyu, kuma ana ajiye shi ba tare da ruwa ba, don haka ba ya nauyi. Kafin tafiya tsuntsun kan yi makonni yana ci ba ƙaƙƙautawa, wasu ƙananan tsuntsaye har nauyinsu ya kusa ninkuwa. Akasarinsu da dare suke tashi, su kama hanya da taurari da wurin faɗuwar rana da kuma maganaɗisun ƙasa, wanda aka tabbatar suna jin sa tun gwajin da Wolfgang da Roswitha Wiltschko suka buga a 1972. Babbar matsala ita ce Sahara, mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000 babu abinci. Da kaka, ƙasar Hausa ce masaukin farko bayan hamada. Da bazara kuma ita ce wurin yin guzuri na ƙarshe kafin a sake shigarta. Cikin shekarun 1960 Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya auna wannan ƙiba tare da abokan aikinsa a bakin Tafkin Cadi, suka ga yadda baƙin ke narkar 'ya'yan itatuwa da ƙwarin ruwa kafin su tashi.

Baƙin gulbi da fadama

Wanda ya fita bakin gulbi da sanyin safiya cikin Disamba, abin da zai fara gani ba baƙo ba ne. Balbela ce, da zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an kafa shi, da zakaran ƙeƙuwa wanda zai tona masa asiri da ihu tun yana nesa, da garken kirinjijiya, wata ran da dinya. Sai ya natsu zai lura da ƙanana. Akwai wani mai ruwan ƙasa da farin ciki da ke bin gefen ruwa shi kaɗai yana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa, idan ya tashi ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa yana karkaɗa fiffike; wannan shi ne Actitis hypoleucos, kuma yana haihuwa ne a bakin ƙoramun Turai da Rasha. A gonakin albasa na Aliero da wuraren da shanu ke kiwo akwai mai rawayan ciki da doguwar wutsiya, Motacilla flava, wanda ke bin ƙafafun shanu yana cin ƙwarin da suka tayar. A tafkunan da ruwa ya bari a fadamun Jega da Maiyama ana iya dacewa da wata 'yar agwagwa, Spatula querquedula, wadda namijinta ke da farin zane a saman ido. Kusan dukan danginta na Turai a tafkunan Sahel suke cin hunturu.

Wanda ya fi dacewa da ƙasar shinkafa shi ne Calidris pugnax. A can arewa namijinsa yakan yi wani irin tulin gashi a wuya lokacin neman aure, mazan su taru a fili suna kokawa kamar 'yan dambe matan na zaɓe. A nan kuwa yakan zo a tuɓe, ruwan toka, ba wanda zai kula shi. Wasunsu daga Saberiya suke zuwa. A Sahel sukan sauya abinci, su bar tsutsa su koma tsintar shinkafar da ta zube a gona bayan girbi, abin da ba ya rage wa manomi komai.

Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masana, wadda Reginald Moreau ya fito da ita sosai a littafinsa na 1972. Baƙin nan, waɗanda wani lissafi na 2009 ya kiyasta ƙananansu kaɗai sun kai biliyan 2 a kowace kaka, suna isowa ne daidai lokacin da damina ta ɗauke, ciyawa na bushewa, kuma za su zauna har tsakiyar zafi. To me suke ci? Wani ɓangare na amsar yana cikin fadama. Ruwan da ke janyewa sannu a hankali kullum yana buɗe sabuwar laka mai tsutsa da ƙwari da irin ciyawa. Wani ɓangaren kuma yana kan itatuwa, musamman gawo, wanda ke yin ganye da fure da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe, ya tara tsutsotsi. Manomin da ya bar gawo a gonarsa don taki da abincin dabbobi yana ciyar da baƙin Turai bai sani ba. Sa'an nan kuma wasu 'yan gida sukan ba su wuri. Shamuwa, wadda kowane yaro ya san isowarta na nufin damina ta ƙarato, takan yi sheƙa a itatuwan gari, ta ƙyanƙyashe, sai ta bi ruwan sama ta ƙetare zuwa kudancin Afirka daidai lokacin da na arewa ke sauka.

Shekarar 1969 ce ta nuna yadda igiyar nan take ɗaure. A bazarar wannan shekara masu ƙidaya a Birtaniya suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, Sylvia communis, ba su komo ba. An zargi guba, an zargi cuta. A 1974 Winstanley da Spencer da Williamson suka nuna ƙarancin ruwan damina ta 1968 a Sahel ne sanadi, wato mafarin farin da ya kai ga yunwar 1973. Tsuntsayen sun rasa guzurin ƙetare hamada. Littafin ƙidayar tsuntsaye a Turai ya rubuta labarin farinmu tun kafin duniya ta farga da shi.

Masu ƙwai a cikin yashi

Gungu ba na baƙi kaɗai ba ne. Da yake ruwa ya kewaye shi, dila da tunku da kare ba sa isa cikin sauƙi, don haka wasu tsuntsayen gida suka mai da shi ɗakin haihuwa. Fitacce a cikinsu shi ne Pluvianus aegyptius, ɗan kyakkyawa mai shuɗi-shuɗin baya da baƙin zane a ƙirji, wanda ake samu a manyan gulaben arewa masu yashi. Tun zamanin Herodotus ake cewa yana shiga bakin kada ya sakace masa haƙora, amma babu masanin da ya tabbatar da hakan. Abin da aka tabbatar ya fi wannan ban sha'awa. Ba ya yin sheƙa. Binne ƙwansa biyu ko uku yake yi a cikin yashi. Idan rana ta take, yashin ya yi zafin da zai dafa ƙwai, sai uwa ko uba ya ruga cikin ruwa ya jiƙa gashin cikinsa ya dawo ya kwanta a kan wurin, haka har la'asar. Thomas Howell ya bayyana wannan dalla-dalla a 1979 daga binciken da ya yi a Habasha. Ko 'ya'yan ma, idan aka ga haɗari, yashi ake tura musu.

Akwai kuma Rynchops flavirostris, mai jan baki wanda leɓen ƙasa ya fi na sama tsawo, yana tashi da magariba yana tsaga saman ruwa da shi har ya ci karo da ɗan kifi. Shi ma a kan yashi tsirara yake ƙwai lokacin da ruwa ya yi ƙasa, kuma ya ragu ƙwarai a Afirka ta Yamma. Ga irin waɗannan tsuntsaye, garken shanu ɗaya da ya ratsa gungu, ko motar yashi ɗaya, ta isa ta share haihuwar shekara.

Tsintuwa a bakin gulbi

Inda ruwa ya tsaya a iyakar cikarsa yakan bar wani layi na tarkace, kuma a nan mai tsintuwa zai fara. Zai sami ƙwallon goriba da na giginya da ruwa ya gogo daga nesa, da busasshiyar kainuwa, da ƙayar kurungu, da ɓawon kaguwa. Tarin ɓawon kaguwa a wuri guda kan nuna karen ruwa na cin abinci a wurin. A kan jiƙaƙƙen yashi akwai rubutun dare: sawun zalɓe mai dogayen yatsu, da na guza wanda jan wutsiya ke raba shi biyu, da ɗan kwararon da kififfiya ta bari. Abin da ya fi yawa a yanzu, sai dai a yi haƙuri, shi ne ledar ruwa da guntayen komar roba da kwalaben maganin feshi, waɗanda aka wanke ko aka jefar a bakin ruwan da ake sha.

Makankari, wato ɓawon nan mai murfi biyu da ake kankare tukunya da shi, ya cancanci a duba shi da kyau. Dabbar da ke cikinsa tace ruwa take yi ta ci abin da ke yawo a ciki, tana ƙarama kuma a jikin kifi take maƙalewa ya kai ta wani wuri. Layukan da ke bayansa na nuna lokutan da girma ya tsaya. Da yake tana tace ruwa shekara da shekaru a wuri ɗaya, takan tara ƙarafa masu guba a jikinta, shi ya sa a ƙasashe da dama ake auna lafiyar ruwa da ita. Wannan ba zancen nesa ba ne. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara, musamman a yankunan Anka da Bukkuyum, waɗanda ke can sama da mu a kwarin wannan gulbi. Ɗalibin jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da zai tara makankari daga wurare biyar a gulbin Jega kowace shekara a auna, da ya yi aikin da ya fi yawancin kundayen digirin da ke cin ƙura a kanta amfani.

Katantanwa kuwa ita ce ke da labarin da ya shafi kowane gida. A ɗauki ɓawon a riƙe shi tsinin na sama, bakin na fuskantar mai dubawa. Yawancin dodon koɗi bakinsu na dama. Idan aka ga ƙarami, kamar ƙwayar wake ko gyaɗa, mai sirin ɓawo, bakinsa na hagu, to mai yiwuwa Bulinus ne, masaukin tsutsar tsargiya. Akwai wani babba mai kauri, Lanistes, wanda shi ma bakinsa na hagu, amma ba ya ɗauke da cutar. Ƙwan tsutsar yana fita ne cikin fitsarin mai ciwo, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin Bulinus ya hayayyafa. Bayan wajen wata guda dubban 'yan tsutsotsi su riƙa fitowa, sun fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke wanka, su huda fata su shiga jini. Theodor Bilharz ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Har yanzu a wasu ƙauyuka ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, alhali cuta ce da ke ɓata mafitsara da ƙoda, kuma ƙwayar praziquantel na maganinta. Bushewar tafki ba ta kashe katantanwar duka, domin takan nutse cikin laka ta jira ruwa, kamar yadda gaiwa ke yi: ta haƙa rami, ta lulluɓe kanta da majina, ta riƙa shaƙar iska da huhu har damina. Saboda haka mai tsintuwa ya sa takalmin roba, kada ya shiga kwantaccen ruwa da ƙafa tsirara.

Gungun da ba ya nutsewa

Wanda ke son ganin tsibirai na dindindin sai ya bi hanyar da ta tashi daga Jega ta Maiyama da Koko zuwa Yawuri. A can Kogin Kwara na cika sau biyu: farin ruwa na daminar kusa, da baƙin ruwa wanda ya taso daga tsaunukan Gini, ya yi watanni a hanya, ya iso tsakiyar hunturu bayan lakarsa ta kwanta. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tafkin ya haɗiye tsohuwar Busa da gungaye masu yawa, aka sake wa mutane wajen 44,000 matsuguni. Har yanzu akwai dorina a ruwan Yawuri, kuma tsakaninta da masu shinkafa ba daɗi. Akwai ayu, wanda dokar kare namun daji ta 1985 ta hana kamawa amma ana farautarsa don nama da kitse. Sarkawa sun san wuraren da waɗannan dabbobi ke kwana fiye da kowane mai digiri, kuma binciken da bai fara da gaida Sarkin Ruwa ba ya ɓata wa kansa lokaci.

Noman rani ya bunƙasa a Kebbi, injin ban-ruwa ya shiga kowace fadama, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar shinkafa don tsuntsu. Amma akwai abubuwan da ke hannu. Janbaki na yi wa manoma ɓarna ta gaske, shi ya sa ake feshi da jirgin sama a makwancinsa. Matsalar ita ce makwancin yakan kasance cikin ciyayin bakin ruwa, gubar kuma, irin su fenthion, ba ta tantancewa: takan kashe zalɓe da balbela, shaho da shirwa kuma su mutu bayan sun ci gawarwakin. Binne matattun tsuntsaye bayan feshi da nisantar buɗaɗɗen ruwa ba sa buƙatar kasafin kuɗi. Haka nan sarakunan ruwa za su iya keɓe gungu ɗaya ko biyu daga Fabrairu zuwa Mayu, kamar yadda aka saba hana su a wasu gurabe sai ranar da aka buɗe. Gauraka, wadda dattawa suka tashi suna jin kukanta a fadama, ta kusa ƙarewa a Nijeriya, ungulun kasuwa kuma an sa ta cikin jerin masu gab da ƙarewa a 2015. Dukansu biyu sun ragu a idon jama'a ba tare da an rubuta ba.

Aikin rubutawar ya samu hanya. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001, ta soma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. An yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowane gefe kimanin kilomita 9. Mai sa kai zai shiga ɗaya ya yi aƙalla awa biyu yana zagawa, ya rubuta kowane irin tsuntsu bisa jerin yadda ya gan su, ya tura ta manhajar BirdLasser a waya. Abin da ake buƙata shi ne madubin hangen nesa, da littafin gane tsuntsaye, da fitowa bayan sallar asuba kafin ƙura ta tashi. Yana da kyau a rubuta sunan da masunta da maharba ke kiran kowane tsuntsu da shi, domin da yawa daga sunayen Kabanci da Sakkwatanci ba su shiga ƙamus ba.

Idan kuwa masunci ya sami tsuntsu mai zobe a komarsa, ko yaro ya kamo shi da tarko, abin da ake so shi ne lambar zoben da adireshin da ke jikinsa, da ranar da aka same shi, da sunan gari mafi kusa, a miƙa wa sashen nazarin halittu na jami'a su aika. In yana da rai a kwafi lambar a sake shi da zobensa. In an tarar da matattun tsuntsaye da yawa a wuri ɗaya kada a taɓa, kada a kai kasuwa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta fara ɓulla a Afirka ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna a farkon 2006, ta kashe ɗaruruwan kwasakwasa a gandun Djoudj na Sanagal a Janairun 2021, a 2022 kuma ta bar dubban gawarwakin tsuntsayen teku a gaɓar Shetland. Ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ne wurin kai irin wannan labari, kuma a ranar.